Tsakuwa a Haƙorin Baba

Idan akwai mutumin da bai kamata a ce ciwon haƙori ya kama ba, to Baba ne. Shekara da shekaru yana leƙa bakunan mutane, yana ciko, yana cirewa, yana yi musu faɗa a kan alewa da ƙyuyar goge baki, har ya tsufa ya bar wa 'yarsa asibitin. Kuma duk tsawon wannan zamani ba a taɓa cire masa haƙori ko ɗaya ba. Talatin da biyun da Allah Ya ba shi suna nan reras, bai kuma bar kowa ya huta da jin labarin ba. Surukai sun ji, jikoki sun haddace, mai gyaran famfo ma da ya zo ɗan aiki sai da aka wage masa baki ya gani.

To, ga shi ɗaya daga ciki ya tayar da ƙayar baya.

Auta, 'yar tasa da ta gaji sana'ar, ba daga bakinsa ta ji ba. Ina! Mama ce ta tsegunta mata a waya, murya ƙasa-ƙasa: ya daina shan shayi da zafi, ya koma tauna da gefen hagu, kuma in ya ɗauka ba mai kallonsa sai ya dafe muƙamuƙi ya runtse ido. Sai da aka yi lallami, aka yi fushi, aka sake lallami, sannan ya yarda ya hau matattakalar asibitin, yana cewa shi dai ya zo ne ya ga yadda ake riƙe masa wuri.

Asibitin ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Na waje ɗakin jira ne, da kujerun roba da fanka mai ƙiƙi-ƙiƙi. Na ciki kuwa nan aikin yake: shuɗiyar kujera mai kwanciya, fitila a sama, ɗan kwanon tofar da yawu a gefe, da kabad cike da kayan aiki. Sista, nas ɗin da ta fara aiki da Baba tun Auta tana rarrafe, tana ganinsa ta miƙe tsaye zumbur, ta gyara hula. Auta ta ga wannan miƙewa, ta san yau akwai aiki.

Aka ɗauki hoton haƙorin, turmi ne na ƙasa a gefen dama. Hoton ya fito a allon kwamfuta, Auta ta dube shi, ta ga akwai matsala. Ruɓewa ce ta lallaɓa ta tsakanin haƙori da haƙori, inda buroshi ba ya kaiwa, har ta isa jijiya. Wannan ba wani abu ba ne, aikin kullum ne. Kowane haƙori yana da ɗan ɗaki a cikinsa inda jijiya take zaune, daga daɓen ɗakin kuma 'yan siraran hanyoyi suke gangarawa cikin saiwoyi. In jijiya ta kamu, sai likita ya buɗe ɗakin ta sama, ya nemo bakin hanyoyin, ya wanke su tas, ya cike, haƙori ya ci gaba da zamansa a baki. A hoto, ɗakin nan baƙi yake fitowa. Na Baba kuwa fari ne, wani dunƙule ya cika shi dam.

"Tsakuwa ce, Baba," in ji Auta.

"Na gani. Ni na koya miki karanta hoto."

Tsakuwar haƙori ba daga waje take shiga ba. Jijiyar ce da kanta take tara wani abu mai kama da alli, da tsufa ko da cizon haƙora cikin barci, a hankali har ya daskare ya zama dutse. Mutane da yawa suna yawo da ita har ƙarshen ransu ba su sani ba, don ba ta cika yin ciwo ba. Mugun halinta ɗaya ne: ranar da ake neman shiga ɗakin, sai a tarar ta zauna a kan bakin hanyoyin ta toshe. Ga shi launinta da taurinta duk irin na daɓen ne, ba ka gane inda ta ƙare da inda haƙori ya fara. In ka yi gaggawa ka zarce ta, ka huda daɓen, to ka gama da haƙorin.

Baba ya gyara tabarau, ya juyo ya dube ta.

"Abu ɗaya zan gaya miki, Auta. Haƙorin nan ba zai fita daga bakina ba."

"Ni ma abin da nake so ke nan."

"To, madalla. Ki sa injin haƙa ki ratsa ta tsakiya, ki fasa ta biyu, ki kwashe. Haka muke yi."

"A'a, Baba. Zagaye ta zan yi a hankali, in sassaƙe gefenta har ta saki da kanta."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Sista ta sunkuyar da kai tana jera auduga da ba ta buƙatar jerawa.

Akwai wata doka a asibitin nan, kuma Baba ne ya kafa ta. Mutumin da ke kwance baki a buɗe ba ya iya magana, saboda haka kafin a fara ake ce masa, in ka ji zafi ɗaga hannun hagu, zan tsaya. Kuma in hannu ya tashi, inji ya tsaya, ba tambaya, ba "saura kaɗan". Auta ta taso da wannan doka har ta shige mata jini. Ƙafarta da kanta take sauka daga kan fedar inji in ta ga hannu, tun kafin kanta ya yi tunani.

Ta yi masa allurar kashe zafi. Ya ce ta karkatar da ita da yawa. Ta ɗauko 'yar robar da ake shimfiɗawa a baki a keɓe haƙori ɗaya don kada yawu ya shiga, ya ce shi duk aikinsa bai taɓa sa wa ɗan adam wannan tsumma ba. Ta sa duk da haka, tana murna a ranta, don ai in robar ta hau, baki ya mutu.

Ashe ba ta san wanda ta haɗu da shi ba.

Ta buɗe saman haƙorin lafiya. Ga tsakuwar nan a zaune, ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗan sheƙi. Ta ɗauki siririn tsinken nan mai karkarwa da ke cin dutse kaɗan-kaɗan yana fesa ruwa, ta sa shi a gefe, ta fara. Ko nisa ba ta yi ba hannu ya tashi. Ta tsaya.

"Zafi, Baba?"

Ya girgiza kai. Ya nuna Sista, ya zana da'ira a iska. Sista kuwa, munafukar Allah, nan take ta gane, ta miƙa masa madubin hannu. Ya karkata shi, ya leƙa, ya yi wani gurnani, ya nuna kabad da yatsa. Wai a ɗauko inji.

"Baba, ka bari in yi aikina."

Ta koma. Hannu ya tashi. Ta tsaya. Wannan karon fitila ce ba ta yi masa daidai a madubi ba. Ta gyara, ta koma, ta samu ɗan layin da ya raba tsakuwa da bangon haƙori, siriri kamar gashi, ta riƙe numfashi ta fara binsa. Hannu ya tashi. Da ta sake sunkuyawa layin ya ɓace mata, sai ta nemo shi daga farko.

Wallahi da wani ne, da tuni ta ajiye kaya ta ce malam tashi ka nemi wani likitan. Amma wa za ta cewa? Mutumin da ya riƙe hannunta ranar da ta fara cire haƙori? Haushi ya cika ta. Gumi ya jiƙa takunkumin fuskarta. Kuma abin da ya fi ƙona mata rai, ba ta da ikon ƙin tsayawa, don a cikin ɗage-ɗagen nan ba ta san wanne ne zai zama na zafin gaske ba.

Haka aka yi ta yi har allurar ta fara saki. Ɗakin jira ya cika, wani yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko an manta da su ne. Auta ta sa magani a ramin, ta rufe da cikon wucin gadi, ta cire robar. Bakin Baba yana samun 'yanci ya ce:

"Da ni ne, da tuni mara lafiya ya isa gida."

Zuwa na biyu ya fi na farko muni, don da shirinsa ya zo. Ya taho da nasa madubin daga gida, da wani tsohon kan inji a naɗe cikin hankici, wai irin wannan ne maganin tsakuwa, na yanzu duk wasan yara ne. Auta ta karɓa ta ajiye a kan kabad. Ta yi aiki tsakanin ɗaga hannu da ɗaga hannu, kamar mai ɗinki ana fizge mata zare. Duk da haka ta ci gefe biyu na tsakuwar. Ta taɓa ta da tsinke, ta ji kamar ta ɗan motsa, ko kuwa zuciyarta ce take raya mata, ba ta tabbata ba. Tana cikin wannan sai Baba ya kai hannu ya fizge robar da kansa, yawu ya malala cikin ramin da ta sha wahalar tsabtacewa.

"Kina ta shafa ta kamar jaririya! Dutse ne, fasa shi ake yi!"

Auta ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara.

"To, Baba, mu je wurin Dogo. Yana da madubin nan mai girmama abu, zai ga abin da ni ba na gani sosai. Aikinsa ke nan, ba ya yin komai sai jijiya."

Dogo tsohon ɗalibin Baba ne, yanzu kuwa duk wanda aikin jijiya ya gagara, wurinsa ake turawa.

"Dogo? Wanda ya taɓa yi wa mutum allura a dama ya tafi cire na hagu? Shi zan buɗe wa baki?"

"Yana ɗalibi fa a lokacin, Baba. Yanzu furfura gare shi."

"Furfura ba ta gyara hannu."

"To ni ka bar ni in yi!"

Muryarta ta fita fiye da yadda ta so. Sista ta ce, "Haba Ƙaramar Likita, a yi haƙuri mana, Yallaɓai ne fa," wannan kuwa shi ya ƙarasa tunzura ta. Ta sake rufe haƙorin, sannan ta tsaya a gabansa.

"Baba, ka gafarce ni, amma ba zan ƙara taɓa haƙorin nan ba sai ka yi mini alkawari. Ba madubi, ba umarni. Hannu kuma sai in zafi ka ji. In ka yarda, ko gobe ka zo, zama ɗaya ya isa."

Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya ɗauki madubinsa da hankicinsa.

"A asibitina ake kafa mini sharaɗi," ya ce, ba da ita yake ba, da Sista yake. Ya sauka matattakala yana dafa bango.

Daga nan aka shiga zaman jiran wanda zai fara saukowa. Auta ta san halin ubanta, amma ta san halin ciwon haƙori ma, ta ce a ranta ai ciwon zai kawo shi. Ba ta taɓa ganin wanda ya yi taurin kai da jijiya ya ci riba ba. Takan biya gidan bayan ta tashi daga aiki, ta gaishe shi, ya amsa da fara'a har da tambayar jikokinsa, maganar haƙori kuwa ko da wasa. Ita ma ta ƙi tayarwa. Sai ta bi Mama kicin ta yi ta mita.

"Ki yi masa magana mana, Mama. Cikon nan na wucin gadi ne, ba zai daɗe ba."

"Ni? Tun kafin a haife ki nake yi masa magana, kin taɓa ganin ya ji? Ke ma ai shi kika biyo. Ku biyun nan kun ishe ni."

Mijinta ya ce ta sauko, ai uba ne. Yayarta ta bugo waya ta ce ta ji an ce ta ɗaga wa Baba murya a gaban ma'aikata, ko gaskiya ne? Kowa yana da abin cewa, ba wanda ya taɓa riƙe tsinke a cikin rami mai faɗin ƙwayar wake ana katse shi. Auta ta kafe. Ta ce in ta sauko yanzu, haka za a koma gidan jiya, kuma wata rana garin tsayawa da komawa hannunta zai goce ta huda daɓen da kanta. Gara ya sha ɗan zafi ya dawo da ladabi. Tana da gaskiya, kuma ta san tana da gaskiya, shi ya sa ba ta ga abin da ke tafe ba.

Wata safiya ta shigo asibiti bayan ranar hutu, ta ga kujera ba a yadda ta bar ta ba, an ɗan tayar da bayanta, an jawo fitila ƙasa. Ta tambayi Sista, Sista ta ce wataƙila mai shara ce. Auta ta gyara ta ci gaba da harkarta.

Ba a jima ba Mama ta kira. Wannan karon ba raɗa take yi ba.

"Ki zo ki ga ubanki. Fuska ta kumbura, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya."

Ta same shi a falo, a kujerarsa ta kullum, kuncin dama ya yi suntum har ido ya ƙanƙance. Bai yi gardama ba da ta ce ya tashi. Wannan rashin gardamar ya fi kumburin ba ta tsoro. Mama ta yafa mayafi ta bi su asibiti.

Da ta haska bakin, abin da ta fara gani shi ne cikon ba nata ba ne. Nata a daidaice yake, wannan kuwa an dunƙula shi an tura da yatsa. Ta ɗaga shi. Wari ya bugo, jini da mugunya suka biyo. A gefen tsakuwar, can ƙasa, ga wani rami baƙi da ba ita ta haƙa ba. Ta sa tsinke a hankali, tsinken ya wuce, ya ci gaba da wucewa, har ya taɓa nama.

Ta ɗago. Ta dubi Baba, ya kafa wa silin ido. Ta dubi Sista, Sista ta rantse da Allah ba ta san komai ba. Sai ta ji shessheƙa a bakin ƙofa.

"Ni na riƙe masa madubin," in ji Mama, tana share ido da gefen mayafi. "Ranar hutu. Ai har yanzu yana da makullinsa. Ya yi wa kansa allura, ya ce in tsaya a nan in karkata haka. Na ce Likita ka bari, ya ce aikin ɗan lokaci ne, zai ba ki mamaki. Ina ganin jini ya cika bakin na ce mun shiga uku. Ya ce kada in kuskura in gaya miki."

"Mama! Ke da kanki?"

"To ya zan yi? In ban riƙe ba, da hannu ɗaya zai yi."

Auta ta rasa wanda za ta fara da shi. Tsohon da ya san komai a kan haƙori, ya zauna shi kaɗai yana huda bakinsa ta madubi, inda dama take komawa hagu, da ido mai neman tabarau biyu da hannun da kofin shayi ma yake kaɗawa a cikinsa. Ihu take so ta yi, ta yi jifa da tiren kayan aiki, ta ce me na yi muku? Ta cije leɓe, ta ce Sista ta shirya hoto.

Hoton bai ɓoye komai ba. Kan injin ya goce daga tsakuwar, ya ratsa daɓen, ya faɗa tsakanin saiwoyin biyu. Ramin ya yi faɗi, ga wata tsaga ta tashi daga bakinsa ta gangara, ƙashin da ke ƙasa kuma ya fara cinyewa. Duk da haka ba ta haƙura ba. Ta fita baranda ta tura wa Dogo hoton ta waya, ta kira shi, ta ce akwai wani mara lafiya, ko za a iya toshe wannan?

Dogo ya duba, ya ce, "Da ƙaramin rami ne, kuma da a ranar aka kawo, da na gwada. Amma ga tsaga, ga ruɓa. Cire shi kawai, 'yar'uwa. Wane ɗanyen likita ne ya yi wannan aika-aika?"

"Wani ne," ta ce, ta kashe wayar.

Ta daɗe a barandar tana kallon masu wucewa a titi da mai kantin magani yana sauke kwalaye. Zama ɗaya ta nema. Zama ɗaya tak, a yi mata shiru. Kuma da ta san haka zai yi, wallahi da ta haƙura da madubin, da ɗaga hannun, da baƙar maganar, da ta yi ta sassaƙa ko zama nawa za a yi. Ita ta ce ba za ta ƙara taɓawa ba, shi kuma ya ɗauke ta a kan maganarta.

Ta koma ciki. Ta juya allon ya fuskance shi, don ba ta san yadda za ta faɗa da baki ba. Ya sa tabarau, ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa. Ya daɗe. Sannan ya cire tabarau ya miƙa wa Mama, ya kwanta.

"Cire," ya ce.

Allurar ta sha wahalar kamawa saboda kumburin, sai da ta ƙara. Ta san haƙori mai tsaga ba ya fita salin-alin, yakan farfashe ya bar guntaye a ƙashi, saboda haka ta bi shi a sannu. Ta sassauta dasashi, ta sa ƙarfen ɗagawa ta girgiza shi kaɗan-kaɗan, sannan ta kama da awartaki can ƙasa. Saiwoyin dogaye ne, masu ƙarfi, irin na mutumin da ya kula da bakinsa duk rayuwarsa, kuma ba su so rabuwa da wurinsu ba. Ta ji ƙashi yana saki a tafin hannunta. Haƙorin ya fito ɗungurungum. Ta wanke ramin, ta sa auduga, ta ce ya cije.

Ta kai haƙorin wurin famfo ta ɗauraye. Ba don komai ba, don dai ta ga ɓarnar da idonta, ta leƙa cikinsa a ƙarƙashin fitila. Tsakuwar tana nan inda ta bar ta, kan injin Baba ko rabinta bai ci ba. Ta sa bakin tsinke a gefen da ta sassaƙa, ta ɗan taɓa. Tsakuwar ta ɓalle ta faɗo a tire, ƙil, 'yar mitsitsiya kamar kan ashana. A ƙarƙashinta ga bakin hanyoyin nan a buɗe, tsaf, suna kallonta.

Ashe ba zuciyarta ce ta raya mata ba ran nan. Tsakuwar ta motsa ɗin.

Ba ta ji tasowarsa ba, sai ta ga inuwarsa a kan tiren. Ya tsaya a bayanta, kunci a kumbure, auduga a baki, yana kallon abin da take kallo. Ba sai an yi masa bayani ba. Ya yi magana ta gefen baki, da ƙyar ake ganewa.

"Da na bari fa?"

Mama tana yi mata alama da ido daga bakin ƙofa. Sista ma ta ɗan girgiza kai. Auta ta san abin da suke so ta ce, cewa da ma haƙorin ya riga ya lalace, ko an bari ba zai tsira ba. Ta buɗe baki za ta faɗa. Amma tiren yana gabansa, kuma ko ya tsufa, likita ne.

"Da yana bakinka, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki haƙorin da yatsu biyu, ya kai shi kusa da ido, ya juya shi, ya bi saiwoyin da babban yatsa tun daga sama har ƙarshe.

"Ko saiwa ɗaya ba ki karya ba," ya ce. "Haƙori mai tsaga. Ni da kaina da sai na fasa shi. Hannunki yana da kyau, Auta."

Tun da ta fara aikin nan bai taɓa gaya mata haka ba, sai yau, a kan aikin da ta yi ta addu'ar kada ta yi. Ta so ta ce na gode, ta so ta ce ai ba wannan na so ka gani ba, amma ko ɗaya bai fito daga bakinta ba. Ya ajiye haƙorin a tire, Mama ta kama masa hannu suka fita, tana jin takunsu a matattakala a hankali.

Ta kunna famfo da ƙarfi, ta hau wanke kayan da aikin Sista ne wankewa, tana buga su a kwano, hawaye yana zuba cikin takunkumi. Sista ta tsaya jim, sannan ta leƙa ɗakin jira ta ce wa na gaba ya ɗan ƙara haƙuri.